Yadda Ake Haɗa Abin Dangwale Mai Hawa Bakwai

Uwargida, wannan haɗi na Amurkawa ne, daga girkin Tex-Mex na jihar Texas mai iyaka da Meziko. Mujallar Family Circle ta buga shi a 1981, ya kuma zama abin da ba a rasawa a tebur idan abokai sun taru kallon wasan Super Bowl. Da sanyinsa ake ci, ana dangwala da soyayyiyar tortila mai ƙaras-ƙaras. Ba shi da wuya, amma ruwa ne ke ɓata shi, don haka rabin aikin tsane kayan ne. Awon da ke ƙasa zai ishi mutum 10.

Mataki na 1: Tun da safe ki zuba kindirmo kofi 3 a tsaftataccen ƙyalle, ki ɗora a kan rariya a cikin firji, ya yi awa 3 yana ɗiga. Su can kirim mai tsami suke sawa, kindirmon da ya yi kauri yana maye gurbinsa. Idan cokali ya tsaya a ciki, ya yi.

Mataki na 2: Ki dafa wake kofi 2 ya yi luguf, ki tsiyaye ruwan. Ki soya albasa da tafarnuwa a ɗan man gyaɗa, ki juye waken, ki sa gishiri da yaji, ki dame shi da ludayi har ya haɗe. Ki bar shi ya huce sarai. Wake mai ɗumi zai tsinka duk abin da aka ɗora masa.

Mataki na 3: Tumatir 4 masu tauri, ki cire 'ya'yan da ruwan cikin, ki yanka ƙanana. Ki haɗa da albasa, attaruhu 1 da gishiri, ki bar su a rariya minti 20. Za ki yi mamakin ruwan da zai taru a ƙasa, kuma da duk a cikin kwanonki zai kwanta.

Mataki na 4: Fiya ita ce ta ƙarshe a shiri, domin da ta sha iska take yin baƙi. Ki zaɓi 3 waɗanda ke ɗan lotsawa idan an danna, ki murƙushe da cokali mai yatsu, ki matse lemun tsami 2 a kai nan take, da gishiri. Kada ki niƙa a inji. A ganina ta fi daɗi idan harshe yana jin gudajinta.

Mataki na 5: Sai jeri. Ki samu kwanon gilashi mai faɗi, marar zurfi, don a ga kowane hawa ta gefe, kuma mai dangwala ya kai ƙasa ba tare da tortilar ta karye ba. Wake a ƙasa, shi ne mai nauyi. Fiya a kansa. Kindirmo ya biyo baya, kuma a nan ki natsu: ki ɗiɗɗiga shi cokali-cokali, sannan ki shafe da bayan cokali har bakin kwano, kada ki bar ko kafa ɗaya da iska za ta taɓa fiyar. Daga nan tumatir, gogaggen cuku kofi 1, yankakken zaitun, sai ganyen albasa a sama.

Ki rufe, ki sa a firji awa 1 ko 2. Idan babu tortila, gasasshen biredi ko yankakken karas da kokwamba sun wadatar.

Abinci ne mai nono, kada ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafi ya haura digiri 32. A lokacin bazara ki ɗora kwanon a kan faranti mai ƙanƙara, kuma kada ki fito da shi sai baƙi sun zauna.