Darasin Hoto: Yadda Za Ka Ɗauki Ƙaramin Abu Ya Fito Tar

A zangon da ya wuce, wani ɗan kulob ɗinmu ya kawo hotuna 12 na ƙwayoyin wake da ƙwari suka huda, domin labarinmu na ajiyar amfanin gona. Ko ɗaya bai yi amfani ba. Duk sun yi dishi-dishi, ba a bambance hudar ƙwaro da tabon jikin wake. Da muka ce ya sake ɗauka, ashe an riga an yi ƙosai da waken. Haka labarin ya fita babu hoto, alhali gani ya kori ji. Wayar kuwa lafiyarta ƙalau. Kuskurensa shi ne ya zaci yawan matsowa ke sa hoto ya fito. Ga abin da ya kamata a yi.

Kada ka matsa da yawa

Kamar yadda ba ka iya karanta takarda idan ka manna ta a hancinka, haka idon kyamara yake da iyakar kusancin da zai iya gani. A yawancin wayoyi iyakar tana wajen santimita 10. Fara daga nesa kaɗan, ka riƙa matsowa a hankali. Da zarar abin ya fara dushewa, ja baya. Sannan ka taɓa ƙwayar waken a kan allon waya, don kyamara ta san ita kake so, ba teburin ba. Ka guji jawo hoto da yatsu biyu, domin a mafi yawan wayoyi hakan yanko wani sashe ne kawai a kumbura shi.

A irin wannan kusanci, siririn wuri ne kawai yake fitowa sosai, wani lokaci 'yan milimita. Abin da ke gabansa da na bayansa duk za su dushe. Saboda haka, idan abin mai faɗi ne kamar kwabo ko ganye, kwantar da shi ka riƙe wayar a samansa daidai, ba a karkace ba.

Nemi haske

Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan daɗe a buɗe tana tara shi, kuma duk motsin da hannunka ya yi a lokacin zai shiga hoton. Wuri mafi kyau shi ne kusa da taga da hantsi, ko inuwar baranda. Rana tsaka tana jefa inuwa mai kauri, fitilar waya kuma tana wanke abin da ke kusa da ita ya koma fari fat. Shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin abin, ka tsayar da wata a gefen da inuwa take don ta mayar masa da haske. Kafin komai, goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin ƙurar hunturu.

Hana wayar motsi

Tara littattafai har tsayin santimita 12 zuwa 15, ka ɗora wayar a kai yadda idon kyamara zai leƙo ƙasa, ka danne ta da wani littafin. Kunna ƙidayar sakan 3, ka danna, ka janye hannu. Sauri ya haifi nawa. Ajiye rula a gefe don mai kallo ya san ainihin girman abin. Ɗauki aƙalla 5, ka buɗe kowanne ka duba sosai tun abin yana gabanka.

Rage nauyin hoton

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da hoto mai fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, nauyinsa kuma yakan kai megabait 3 zuwa 5. Wannan ya yi wa shafin intanet yawa: zai daɗe bai buɗe ba, ya kuma cinye wa mai kallo data. Bi waɗannan matakai:

1. Kwafi hoton, ka ajiye na asali kada ka taɓa shi. Fiksel ɗin da aka zubar ba ya dawowa.

2. Datse gefunan da babu komai, waken ya cika hoton. Yi wannan kafin ragewa.

3. Mayar da faɗin zuwa fiksel 1200. A kwamfuta, manhajar Paint tana yin wannan a wurin da aka rubuta Resize. Bar tsawon ya bi faɗin da kansa, in ba haka ba wake zai koma kamar gurjiya da aka taka. Hoton 4000 da 3000 zai dawo 1200 da 900.

4. Adana shi a tsarin JPEG. In manhajarka tana tambayar inganci, zaɓi wajen 80 cikin 100. Yawanci nauyin zai sauko ƙasa da kilobait 400. Yi adanawar sau ɗaya, don duk lokacin da aka gyara JPEG aka sake adanawa, ingancinsa raguwa yake yi.

Wanda za a buga a takarda don allon nan kuwa, na asali ake so. Bugu mai kyau yana buƙatar fiksel 300 a kowane inci, wato faɗin 1200 inci 4 kawai zai bayar. Idan za ka turo na asali ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto.

Aikin gida

Mun san doka ta hana zuwa makaranta da waya, don haka a gwada a gida da izinin iyaye. Ɗauki ƙwayar wake, maɓallin riga ko ɗan kunne, ka miƙa wa malamin kulob hoto biyu, na asali da wanda ka rage. Uku da suka fi fitowa za mu liƙa su a nan. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.