Darasi A Kan Tsuntsun Bakin Teku Mai Siririn Baki

Dukanmu mun san shamuwa, mun san lokacin zuwanta da lokacin tafiyarta. A ƙasashen da ke bakin teku akwai mutane waɗanda sun mai da kallon irin tsuntsayen nan masu ƙaura aikinsu. Sukan fita da asuba da madubin hangen nesa da ɗan littafi, su zauna a gefen laka sa'ad da ruwan teku ya janye, suna rubuta abin da suka gani. Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne. Bari mu duba labarin tsuntsu guda, sa'an nan mu yanke.

Akwai dangin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da dogon baki mai lanƙwasa ƙasa, Turawa suna ce da su kaliyu. Biyu daga cikinsu sukan sauko har gaɓar Afirka ta Yamma da rani. Babban yakan kai inci 20 ko fiye. Ƙaramin kuwa ana gane shi da zane baƙi-baƙi a bisa kansa. Amma dā akwai na uku, wanda masana suka sa wa suna Numenius tenuirostris, watau mai siririn baki. Tsawonsa kamar inci 15 ne. Yakan yi ƙwai a wajajen Sibiriya, inda aka taɓa samun sheƙarsa kusa da garin Tara a farkon ƙarnin da ya wuce, ya kuma ci lokacin sanyi a gaɓar Bahar Rum da ta Maroko.

To, yaya ake rarrabe shi da ɗan'uwansa babba? Nan ne wahalar take. Girma kaɗai ba ya isa, gama tsuntsun da ke tsaye shi kaɗai a nesa ba shi da abin gwadawa, ga shi kuma matashin babban kaliyu bakinsa gajere ne, yakan ruɗi mutum. Saboda haka mai kallo yakan duba bakin, ko ya sirance ƙwarai wajen tsininsa. Yakan duba haƙarƙari, gama baligin mai siririn baki yana da ɗige-ɗige baƙaƙe masu siffar zuciya. Yakan jira tsuntsun ya ɗaga fiffike domin ya ga ƙarƙashinsa, ya lura da launin ƙafafu, ya kasa kunne ga kukan. Dukan waɗannan a wurin ake rubuta su, tun ba a buɗe littafin hotuna ba, domin ido yana da saurin ganin abin da zuciya take so.

A watan Mayu na 1998 aka ga wani tsuntsu a Druridge Bay, a gaɓar arewa maso gabas ta Ingila. Mutane suka taru daga nesa, aka ɗauki hotonsa, waɗansu suka ce lalle mai siririn baki ne, waɗansu suka ƙi. Kwamitin da ke auna irin wannan shaida ya karɓa bayan 'yan shekaru. Amma gardama ba ta mutu ba. Aka koma ga fatun tsuntsayen da ke ajiye a gidajen tarihi, aka gwada su da hotunan, a 2013 kuwa aka janye karɓar. A ganinmu sun yi daidai, ko da yake abin ya yi wa shaidun zafi. Da an bar shaida mai rauni ta tsaya, da ana ta zaton tsuntsun yana nan bayan ya riga ya ƙare.

Gama ya ƙare. Gani na ƙarshe wanda ba a jayayya a kansa shi ne na watan Fabrairu 1995, a tafkin Merja Zerga da ke gaɓar Maroko, inda 'yan kaɗan suka saba sauka kowace shekara. Aka yi ta nema shekara da shekaru, daga Sibiriya har Afirka ta Arewa, ba a same shi ba. A 2024 masana suka tattara dukan rubutattun shaidu suka auna, suka ce bisa ga dukan alamu ya shuɗe, a 2025 kuma aka sa shi cikin jerin halittun da suka ɓace daga duniya. Suna ɗora laifin a kan busar da fadamu domin noma, da kuma harbi a hanyarsa ta ƙaura. Waɗansu daga cikin shaidun da suka auna ɗin daga littattafan masu zaman gefen laka ne suka fito.