Darasi na 14: Yadda Ake Sarrafa Injin Sarbo

Ka san injin fanka. Da zarar ka kunna, sai ya yi ta juyawa har ka kashe. Injin sarbo ba haka yake ba. Yana juyawa ne zuwa inda aka umarce shi, sannan ya tsaya cak. Shi ya sa ake sa shi a hannun mutum-mutumi da jiragen wasa. Ƙaramin da ake kira SG90 yana juyawa daga digiri 0 zuwa kusan 180.

Nemi wannan inji, da allon Arduino Uno, da ƴan wayoyi, da maɓallin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo.

Injin yana da wayoyi uku. Haɗa ja da ramin allo mai alamar 5V, mai ruwan ƙasa da GND, mai ruwan lemo kuma da rami na 9. Ka duba sau biyu kafin ka ba shi wuta, domin idan ka musanya ja da mai ruwan ƙasa, injin yana iya ƙonewa. Maɓallin ma ƙafafu uku gare shi: na gefe biyu su tafi 5V da GND, ta tsakiya ta tafi A0.

Wayar mai ruwan lemo ita ce ta fi cancantar nazari, domin ta cikinta umarni yake bi. Allon yana aika ɗan bugun lantarki sau 50 a kowace daƙiƙa, injin kuwa tsawon bugun yake aunawa. Idan bugun ya kai milisakan 1.5, hannun injin yana tsayawa a tsakiya, wato digiri 90. Idan ya gajarta, hannun ya karkata gefe ɗaya. Idan ya tsawaita, ya karkata ɗaya gefen. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Ka ga ƙanƙantar abin da injin yake bambancewa!

Yanzu haɗa allon da kwamfuta, ka buɗe manhajar Arduino, ka ɗora misalin da ake kira Knob. Murɗa maɓallin a hankali, za ka ga hannun yana bin ka. Kada ka tilasta masa juyawa da yatsa, haƙoran da ke cikinsa na roba ne.

Aiki: Rubuta jimloli uku na umarni da kalmomin haɗa, murɗa da duba. Me ya bambanta injin sarbo da injin fanka?