Amanar Haƙora: Darasi Daga Ciwon Ɗan Ajinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci ɗan Adam cikin mafi kyawun tsari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu daraja, darasin da muka kawo a littafin bana a kan haƙora ne. Wani zai ce, duk ilimin da ake karantawa a madarasa a rasa abin rubutawa sai haƙori? To ga dalili.

Kafin azumin da ya wuce, wani ɗan ajinmu da saura izu huɗu ya kammala hadda ya fara zuwa da hannu a kunci. Da muka tambaye shi ya ce turminsa ne na ƙasa ke zogi. Ya sa kanumfari, ya sha ƙwayoyin masu talla, ciwon ya lafa ya dawo. Ranar kasuwa ya je wurin wani mai cire haƙori da ke shimfiɗa tabarma, ya biya dala ɗari. Mutumin ya ja, haƙorin ya karye, saiwar ta zauna ciki. Bayan kwana uku fuskar ta kumbura har ido ya rufe, bakin bai buɗuwa ko cokali ya shiga. Da muka je gaishe shi a likita, mahaifiyarsa ta ce mana: "Ɗiyana, ku dubi abin da dala ɗari ta jawo mana, jikka nawa munka kashe yanzu." Allah ya ba shi lafiya, amma bai samu shiga saukar bana ba. Wannan ne ya sa muka zauna muka bincika, ga kuma abin da muka samo.

Fasali na ɗaya: me ya haɗa ɗalibi da haƙora?

Duk wanda ya yi tajwidi ya san babin makharijul huruf. Haruffan ث da ذ da ظ suna fita ne tsakanin kan harshe da bakin haƙoran gaba na sama. Haruffan ت da د da ط daga kan harshe ne da tushen waɗannan haƙoran. Harafin ف kuwa tsakanin leɓen ƙasa ne da haƙoran sama, shi kuma ض gefen harshe ne da turame. Ke nan wanda ya yi giɓi a gaba sai ya sha wahala kafin ya ba wasu haruffa haƙƙinsu. Mu masu fatan jan salla da karantar da yara nan gaba, haƙoranmu kayan aiki ne, kamar allo da tawada.

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuma 32. Akwai abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba: wajen shekara 6 turmi na farko na girma yakan fito a bayan haƙoran nono ba tare da wani ya faɗi ba. Sai a ɗauka na nono ne, in ya ruɓe a ce ai zai fita wani ya fito. Wallahi babu wani mai fitowa a gurbinsa. Turmin da ɗan ajinmu ya rasa ke nan.

Fasali na biyu: yaya haƙori ke ruɓewa?

Tun muna ƙanana muke jin ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akwai masu turara wa mutum hayaƙi su nuna masa wai ga tsutsar ta faɗo cikin ruwa. Babu tsutsa a haƙori. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne da ido bai gani, suna zaune cikin dattin nan fari mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙora. In muka ci sukari su ma sun samu abinci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da farin ɓawon haƙori sannu a hankali. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki, tsamin nan yakan yi kamar rabin awa yana aiki kafin miyau ya wanke shi ya fara gyara wurin.

Haƙori hawa uku ne. Akwai ɓawon waje, wanda ya fi kowane ƙashi ƙarfi a jiki amma ba ya jin zafi. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi, shi ne in rami ya kai gare shi mutum ke jin tsam in ya sha ruwan sanyi ko zaƙi. Can ciki kuma akwai jijiya da hanyoyin jini. In ruɓa ta isa nan ne ake kwana zaune. Wani lokaci ciwon yakan ɗauke shi kaɗai, mutum ya ce ya warke, alhali jijiyar ce ta mutu, mugunya na taruwa a ƙarƙashin saiwa.

Yanzu mu dubi kanmu. A fada ana dafa shayi, na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa, a kwashe awa biyu ana kurɓa. In kowane kofi na jawo rabin awa na tsami, kun ga baki bai huta ba ke nan tun daga isha'i har a tashi, sannan a je a kwanta ba a goge ba, ga shi cikin barci miyau raguwa yake yi. Yawan maimaita zaƙi ya fi cin sa gaba ɗaya ɓarna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya iya tsayawa a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 33 tana ɗauke da kusan giram 35. Ku yi lissafin da kanku, ku haɗa da na koko da na shayi da alawar bakin makaranta.

Fasali na uku: asuwaki

A nan addininmu ya riga ya ba mu hanya. Mun karanta a Ahalari cewa asuwaki na cikin mustahabban alwala, kurkurar baki kuma sunna ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba, da Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da asuwaki a kowace salla. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa in ya shigo gida da asuwaki yake farawa, Huzaifa (RA) kuma ya ce in ya tashi da dare yakan goge bakinsa da shi. Har a ciwon ajalinsa, da ya ga asuwaki a hannun Abdurrahman ɗan Abubakar, Nana A'isha ta karɓa ta tausasa masa ya yi amfani da shi. A Risala kuma mun ga babu laifi mai azumi ya yi asuwaki a dukan yini, sai dai malamanmu na Malikiyya sun karhanta ɗanyen itace gare shi saboda gudun haɗiye ruwansa.

Amma fa rataya asuwaki a baki ana yawo da shi bai wanke komai. Ga yadda ya kamata, ko na arak ne ko na bedi ko na marke:

1. A tauna bakinsa har ya yi laushi kamar gashi. Mai tauri yana ƙwarzar dasashi.
2. A goge daga dasashi zuwa bakin haƙori, ɗaya bayan ɗaya, a hankali.
3. A bi ta waje, ta ciki wajen harshe, da saman turame inda ake tauna. Yawancinmu haƙoran gaba kaɗai muke gogewa domin su mutane ke gani.
4. A wanke shi bayan an gama, a yanke bakin da ya tsufa, kada a jefa shi aljihu tare da kuɗi da goro.
5. Kowa da nasa.

Wanda ke da halin buroshi da man goge haƙora ya haɗa duka biyun: asuwaki wajen salloli, buroshi sau biyu, da safe da kuma kafin barci, minti biyu kowane. Na dare shi ne mafi muhimmanci. A sauya buroshi bayan kamar wata uku.

Akwai tambayar da mutanen Maradi ke da haƙƙin yi. Man goge haƙora yana da sinadarin fuloraid, kuma iyayenmu ba su manta da yaran Tibiri ba, waɗanda a shekarun 1990 ruwan shansu ya ƙunshi wannan sinadari fiye da ƙima, haƙoransu suka yi ja, ƙasusuwan wasu suka lanƙwashe. Bambancin shi ne su sun shekara da shekaru suna shan sa cikin ruwa kullum. Na man goge baki ɗan kaɗan ne da ake shafa wa haƙori a tofar, yana ƙarfafa ɓawon. Shi ya sa ake sa wa yaro kamar ƙwayar wake kawai, a tsaya kansa har ya tofar kada ya haɗiye.

Fasali na huɗu: in ciwo ya zo

Kurkurar baki da ruwan ɗumi mai gishiri yana rage kumburi, farasitamol yana rage zogi, kanumfari ma yana kashe zafi na ɗan lokaci. Duk waɗannan ba su toshe rami, jinkiri kawai suke ba mutum ya isa wurin likita. Abubuwan da ba a yi ko kusa: ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona naman take yi, da sa ruwan batir ko fetur ko garin taba a ramin, da sayen kafso biyu uku wurin mai talla a sha a bari.

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan a tafi likita a ranar, ko da dare ne: kumburi ya nufi ido ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi na wuya, ko zazzaɓi ya haɗu da kumburin.

Ga 'yan ƙwallo: in an buge haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai kada a taɓa saiwar, a ɗauraye a mayar da shi gurbinsa in zai yiwu, ko a sa shi cikin madara, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Sau da yawa yakan kama. Na nono ba a mayarwa.

Ga iyayenmu mata kuma: in ƙaramin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, musamman mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ya fara warin baki mai tsanani, dasashi na jini, kunci ya kumbura, a gaggauta. Ciwon noma haka yake farawa, cikin 'yan kwanaki yana iya huda kunci, alhali in an kama shi da wuri magani na tsayar da shi. Akwai cibiyar Sentinelles a Damagaram mai kula da irin waɗannan yara, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Fasali na biyar: wa za mu ba bakinmu?

Wannan matsala tsohuwa ce. Abul Ƙasim Azzahrawi, babban likitan Musulmi na Andalus wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya zana kayan kankare datti da na cire haƙori a littafinsa Attasrif. Ya yi gargaɗi kada a yi gaggawar cirewa sai dabara ta ƙare, a kuma tabbatar da wanda ke ciwon, domin zogi kan ruɗi mutum a cire mai lafiya. Ya kuma soki jahilan masu cirewa da ke karya haƙori su bar saiwa, wani lokaci har su fasa muƙamuƙi. Shekara dubu ke nan, sai ka ce ɗan ajinmu yake ba labari.

Bayan karya haƙori akwai haɗarin da ba a gani. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ya taɓa jini, in ba a dafa shi yadda ya kamata ba, yana iya ɗauko ciwon hanta ko sida. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana bakwai da rai a busasshen jini. Goge ƙarfe da tsumma ko tsoma shi a ruwan roba bai kashe ta.

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da asibitin unguwa, su tura mutum inda likitan haƙora yake. In an je, ko na gwamnati ne ko na kuɗi, a lura da waɗannan:

1. Yana da takardar shaidar karatun aikin, kuma yana da mazauni da za a same shi gobe in wani abu ya faru?
2. Ya sa sabuwar safar hannu, ya buɗe sabuwar allura a gabanka, kayan aikinsa daga tukunyar tururi suka fito?
3. Ya tambaye ka ko kana da ciwon sukari, hawan jini, sikila, ko jininka na jinkirin tsayawa, mace kuma ko tana da ciki?
4. Ya duba bakin duka, ya nemi hoto in da buƙata, ya gaya maka ko haƙorin zai ciku ko sai an cire?
5. Ya faɗi kuɗin kafin ya fara?

Tambaya ba rashin kunya ba ce, a yi ta cikin ladabi. In an cire, a ciji audugar kamar rabin awa, kada a kurkure baki ko a tsotsi wurin a wannan yinin, a bar shayi mai zafi sai gobe, domin gudan jinin da ya toshe ramin shi ne farkon warkewa.

Mun san likitocin haƙora kaɗan ne a ƙasarmu, kuɗi kuma ba kowa ke da su ba. Shi ya sa muka tsawaita a kan asuwaki da sukari, tun da su suna hannun kowa, kuma cike ƙaramin rami ya fi jinyar kumburi araha nesa ba kusa ba. Mu 'yan aji mun yi alkawari tsakaninmu: sukarin shayin fada a rage shi rabi, ba mai kwanciya bai goge baki ba, kuma kowa zai buɗe bakin ƙannensa sau ɗaya a wata ya duba turamen baya. Ɗan'uwanmu da ya yi jinya shi ke tuna mana yanzu, kuma ya koma kan izu huɗunsa. Muna roƙon ku sa shi a addu'a, in sha Allah da shi za a yi saukar baɗi.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, malamanmu su gyara mana. Allah ya ƙara wa iyayenmu da malamanmu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.