Yadda za ka ɗauki hoton kwalba da kofin gilashi da wayar hannu

Darasin yau na masu tallar kaya ne a WhatsApp da Facebook, musamman 'yan'uwa mata masu haɗa humra da turaren wuta, da samarin da ke saro tambulan da kofuna a kasuwar Sabon Gari ta Kano su kai Kabo ko Gwarzo. Mai saye ba zai shinshina humra ta waya ba, hoto kawai yake gani. Idan kwalbar ta fito da farin tabo a tsakiya, ga kuma hannunka riƙe da waya ya bayyana a jikinta, wucewa zai yi wajen wani.

Laifin ba na wayarka ba ne. Gilashi ba shi da launin kansa: haske ko dai ya ratsa shi ya wuce, ko ya bugi jikinsa ya dawo, kamar ƙwallon da aka doka a bango. Filashar waya kuwa tana dab da idon kyamara, don haka haskenta yana dawowa kai tsaye inda ya fito. Wannan shi ne farin tabon. Saboda haka kashe filasha tukuna. Masu situdiyo ba sa haska gilashin, abin da ke bayansa suke haskawa, domin gefunan kwalba ne ke nuna wa ido siffarta.

Hanya ta farko ita ce ta farin baya. Samo babban kwali, ka yanke gindinsa, ka ɗame farin yadi ko farar takarda a wurin. Ajiye shi a bakin taga yadda hasken rana zai shigo ta bayan yadin. In da dare ne, sa fitila mai caji a baya, tazarar kamar taƙi biyu, don kada tsakiya ya fi ko'ina haske. Rufe ƙofa, ka kashe sauran fitilun ɗakin. Sai ka ajiye kwalbar a gaban yadin.

Ga inda mutane da yawa ke tsayawa, shi ya sa kwalbar ke ɓacewa cikin farin. Yanko baƙin kati guda biyu, ko kwali ka rufe shi da baƙin ƙyalle, ka tsayar da ɗaya dama ɗaya hagu, dab da inda hoton ya ƙare amma kada su shigo ciki. Gefen kwalbar zai ɗauko wannan baƙin, ya zama siririn layi kamar an zana da biro. Matso da su ko ka ja da su baya kana kallon fuskar wayar har layin ya yi maka. A ganina babu hanyar da ta kai wannan fito da launin humra, zuma ko zoɓo, don hasken ta cikinsu yake ratsowa.

Hanya ta biyu juyin ta farko ce. Manna baƙin kati a tsakiyar farin yadin, girmansa daidai cika hoton, ka bar haske yana leƙowa ta gefe da gefe. Baya zai yi baƙi ƙirin, gefunan gilashin su yi fari fat. Tana yi wa kofuna masu zane kyau ƙwarai, amma ba ta rufa asiri: duk ƙura da shatin yatsa sai sun fito. Wanda ya taɓa dakon kaya a hanyar Gwarzo lokacin hunturu ya san zancen. Wanke, goge da ƙyalle marar gashi, kuma da ƙyallen za ka ɗauko kofin, ba da hannu ba.

Turaren wuta daban ne, tunda haske ba ya ratsa itace. Shi sai ka mayar da yadin da fitilar gefe guda, ka sa farar takarda a ɗaya gefen ta dawo da haske. Haka ma idan takardar sunan kayanka ta yi duhu, riƙe farar takarda a gaba ta gefe, ka karkata ta har rubutun ya fito.

Saura wayar. Goge idon kyamara. Ja baya ka zuƙo sau 2, domin kusantowa na kumbura kwalba, yana kuma saka ka a jikinta. Daidaita wayar da tsakiyar kwalbar, ka jingine ta da littattafai, ka sa ƙidayar daƙiƙa 3 don kada ta girgiza. Danna kan kwalbar ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa. Idan Tecno ko Infinix ɗinka na da sashen Pro, bar ISO a 100. In ka ga ratsi-ratsi na yawo a hoton, ƙiftawar ƙwan lantarki ce, domin wutarmu na juyawa sau 50 a daƙiƙa. Mayar da saurin ɗauka 1/50, ko ka koma hasken taga.

Wajen gyara, ƙara haske da yanke gefe sun isa. Kada ka taɓa launi, don wadda ta ga humra ruwan zuma aka kai mata mai duhu za ta dawo da ita, kuɗin mota kuma a kanka. In za ka tura wa mai saye, danna alamar HD da WhatsApp ya ƙara a 2023, in ba haka ba siririn layin gefen nan shi ne zai fara dusashewa.