Binciken Sunayen Tsofaffin Sojoji a Taskar Intanet

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi zai duba yadda ɗalibi zai nemo bayanin sojojin ƙasar Hausa da suka halarci yaƙe-yaƙen duniya biyu ta hanyar taskar da ke intanet. Za a ga cewa sanin sunayen Hausawa da yadda Turawa suka rubuta su shi ne ginshiƙin wannan bincike.

2.0 Asalin Bayanan

A shekarar 1897 Turawan Ingila suka kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, Lugga ne ya fara jagorantar ta. Hausa ta zama harshen bariki, inda kalmomi irin su soja da kofur da saje da samanja suka samu gindin zama. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka yi yaƙi da Japan a Bama, wato Myanmar ta yau. Sunayen barikin Dalet na Kaduna da na Chindit na Zariya daga wannan yaƙi suka samo asali.

Taskar da za a yi amfani da ita ita ce ta Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. An kafa ta a 1917, tana kuma riƙe da sunayen mamata kimanin miliyan 1.7. Wajibi ne a lura cewa waɗanda suka rasu ne kawai ke ciki, daga 1914 zuwa 1921, da kuma daga 1939 zuwa 1947. Wanda ya dawo gida da ransa ba za a same shi a nan ba.

3.0 Matakan Bincike

i. A fara da gida. A tambayi dattawa sunan yanka da laƙabi da garin da aka ɗauki mutumin soja. In akwai lambar yabo ko takardar soja, a kwafi lambarsa, domin suna yakan maimaitu amma lamba ta mutum ɗaya ce a rundunarsa.

ii. A buɗe shafin hukumar, a rubuta suna ko lamba a gurbin da aka tanada, a zaɓi yaƙin da ake nufi.

iii. A karanta sakamako: muƙami da runduna da ranar rasuwa da maƙabarta. Waɗanda suka rasu a Bama ba a san kaburburansu ba, sunayensu na kan dutsen tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan, mai ɗauke da suna kusan 27,000.

4.0 Matsalar Rubutun Sunaye

Nan ne ilimin malamin Hausa yake aiki. Akawun soja yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Don haka Garba yakan koma Garuba, Muhammadu ya koma Momadu ko Mamadu, Abdullahi ya koma Abdulai. Haruffa masu lanƙwasa ba sa fitowa, saboda haka Ɗan yakan zo a matsayin Dan. Haka kuma sau da yawa sunan gari ko na ƙabila shi ke maye gurbin sunan mahaifi, kamar Kano ko Sokoto da rubutun Turawa. Mai bincike sai ya jarraba kowace siga kafin ya haƙura.

Rashin ganin suna ba hujja ba ce ta cewa mutum bai je yaƙi ba. A 2021 rahoton hukumar kanta ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000 da suka rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a wuraren tunawa ba.

5.0 Kammalawa

Taskar intanet tana ba da lamba da rana da wuri, bakin dattijo kuma yana ba da labari. Malami nagari zai koya wa ɗalibansa haɗa su biyun, tun masu riƙe da labarin suna raye.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo sunayen Hausawa biyar, ka nuna sigogin da akawun soja zai iya rubuta kowanne.
2. Me ya sa lambar soja ta fi suna amfani wajen bincike?
3. Tsara darasin minti 40 a kan aron kalmomin soja a Hausa.