Yadda Ake Tace Tarkacen Saƙonni A Sabar Imel Ta Kamfani

Duk kamfanin da ke riƙe da sabar imel ta kansa ya san ba abokan ciniki kaɗai ke aiko masa da wasiƙa ba. Ga masu talla, ga 'yan damfara da takardun neman biyan kuɗi na jabu, ga masu ɓoye mugun fayil da zai kulle kwamfutocin ofis. Tace su aiki ne hawa-hawa, kamar tankaɗen gari: a fara fitar da tsakuwa kafin a zo kan lallausan tsaki.

Daga bakin ƙofa ake farawa. Manhajar da ke karɓar saƙo, misali Postfix, za a saita ta ta riƙa tambayar kundin Spamhaus, ƙungiyar da Steve Linford ya kafa a 1998, ko adireshin kwamfutar mai aikowa ya yi ƙaurin suna. In yana ciki, a ƙi karɓa nan take. Tambayar ba ta cin lokaci, kuma tana rage wa sabar nauyi sosai.

Wasu sukan ƙara dabarar jinkiri: baƙon mai aikowa a ce masa ya dawo anjima. Sabar gaskiya takan sake gwadawa, yawancin na'urorin 'yan banza kuwa ba sa waiwayowa. Manhajar postgrey minti 5 take jinkirtawa in ba a canza saitinta ba. Sai dai a kamfanin da ake jiran farashi ko lambar tabbatarwa cikin gaggawa, jinkirin kan ɓata ciniki, don haka a ware amintattun abokan hulɗa tun farko.

Sai tantance mai saƙo. SPF yana duba ko kwamfutar da ta aiko tana da izinin yin magana da sunan wancan kamfani. DKIM sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a taɓa wasiƙar a hanya ba. DMARC kuma shi ke faɗin abin da za a yi da wadda ta faɗi jarrabawar. Kamfani ya saita nasa ma, domin tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗan nan a kan masu aika saƙo da yawa.

Abin da ya tsallake duk wannan shi ake karanta cikinsa. SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fara a 2001, maki take bayarwa: kowace alamar zargi da nata, a tara, in jimla ta kai 5 a yi wa saƙon tambari. Tana kuma koyo daga wasiƙun kamfanin kansa, amma ba ta fara aiki da abin da ta koya sai an nuna mata tarkace 200 da saƙon kirki 200 ta umarnin sa-learn. A nan ne mutane ke yin sakaci. Su loda mata tarkace zalla, su manta da wasiƙun ciniki na yau da kullum, sai koyon nata ya tashi a banza. Fayilolin da aka maƙala kuwa, ClamAV ce ke bincikar su.

Wanda aka kama fa? Kada a goge shi a ɓoye. Odar kwastoma guda da ta ɓace ba labari ta fi tarkace ɗari illa, domin shi yana can yana jiran amsa, ku kuma ba ku san ya rubuto ba. Ko dai a ƙi saƙon tun ana kan karɓarsa, don mai shi ya samu sanarwa, ko a killace shi a akwati na musamman da ma'aikaci zai iya leƙawa. Kar kuma a karɓa sannan a mayar daga baya: adireshin da ke kan tarkace galibi na sata ne, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba zai sha ruwan saƙonninku.

Kullum a sabunta dokokin SpamAssassin da umarnin sa-update. Kowane mako a duba akwatin killacewa, a ciro na kirki, a koya wa manhajar. A tace saƙonni masu fita su ma, domin kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya in ta faɗa hannun ɓarayi, cikin dare guda sabar kamfanin za ta iya tsintar kanta a kundin Spamhaus.